Wanda numfashinsa bai kai ya rera waƙa ba, yaya zai yi da Zabura 150:6?

Maman Rahila:
Salama 'yan'uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Lahadi. Babanmu ya yi shekara 31 yana koyar da ƙungiyar mawaƙa, wato kwaya, a ikilisiyarmu, shi ke ba da murya, shi ke raba mata da maza kowa da layinsa. Shekara uku da suka wuce ya yi tarin fuka, ya sha magani wata shida ya warke, amma likita ya ce huhun ya riga ya yi tabo. Yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta, baiti ɗaya ma baya iya kaiwa ƙarshe sai tari ya kama shi. To ranar Lahadi muka lallaɓa muka kai shi sujada, sai yaron da ke jan waƙoƙin yabo ya ɗauki makirfo ya ce Zabura 150:6 ta ce duk mai numfashi ya yabi Ubangiji, saboda haka duk wanda ya zauna shiru ɓata iskar Allah yake yi, kowa ya tashi ya ɗaga murya. Baba na zaune. Da muka koma gida ko abinci bai taɓa ba, can da dare ya ce min "Ni yanzu me nake yi da ɗan numfashin da ya rage min?" Na rasa abin da zan ce masa. Masu sanin Littafi ku taimaka, shin ayar nan hukunci ce a kan irin su Baba?

Ɗan Kwaya:
Sannu Mama, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Amma a yi wa yaron adalci, ina ga ba da Baba yake ba. Mu da muke tsayawa a gaba mun san abin da muke gani, samari ƙarti lafiyarsu lau suna danna waya lokacin yabo, da su ake.

'Yar Zumunta:
Ko da wa yake, magana zarar bunu ce. In ka riƙe makirfo ka tuna akwai tsofaffi da marasa lafiya da masu makoki a kan benci. Maman Rahila ki gaishe min da Baba.

Ɗalibin Bukuru:
Mama bari in ɗan faɗi abin da muka koya, dattawa su gyara min. Kalmar da ke Zabura 150:6 a Ibrananci ita ce neshama, kuma ita ce dai kalmar da ke Farawa 2:7, inda Allah ya siffata mutum daga ƙurar ƙasa ya hura masa numfashin rai a hanci mutum ya zama mai rai. To ki lura, ayar bata ce duk mai murya ba, bata ce duk mai ƙarfin huhu ba, ta ce mai neshama. Ayoyi na 3 zuwa 5 sun gama lissafa ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge, sai aya ta ƙarshe ta ajiye kayan kiɗa gaba ɗaya ta koma kan abu ɗaya da kowa yake da shi. Ni a fahimtata aya ta 6 buɗe ƙofa take yi wa wanda bai da molo bai da murya, ba rufe masa take yi ba. Baba na da neshama ko? To yana ciki.

Matashin Sabon Rai:
Amin! Ni na ga wani bidiyo ma da aka ce sunan Allah ɗin nan YHWH ainihinsa ƙarar numfashi ne, in ka ja iska "Yah" in ka sake "weh", wai ko jariri da aka haifa sunan Allah yake fara kira, ko wanda bai yarda da Allah ba yana yabonsa bai sani ba. Kenan numfashi kansa sujada ne, Baba ko bai ce komai ba yana yabo

Ɗalibin Bukuru:
Ɗan'uwa bidiyon nan ya zaga sosai kuma yana da daɗin ji, amma babu ayar da ta faɗi haka. Inda Littafi ya yi bayanin sunan shi ne Fitowa 3:14, can kuma da kalmar "kasancewa" aka haɗa shi, NI NE, ba da ƙarar shaƙar iska ba. Mutum zai iya amfani da shi ya tuna da Allah in yana addu'a, ban hana ba, amma kar mu ce Littafi ne ya koyar.

Matashin Sabon Rai:
To ko ba a rubuta ba ai ma'anar gaskiya ce, wa ya ba mu numfashin?

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana tsaya. Wanda ya ba da numfashi daban, abin da ka yi da shi daban. Ka buɗe Daniyel sura 5. Sarki Belshazzar yana numfashi sarai a daren nan, ya tara manyansa dubu, ya sa aka kawo kwanonin zinariya da azurfa da aka kwaso daga Haikalin Urushalima suna shan ruwan inabi a ciki suna yabon gumakan zinariya da itace da dutse. Me Daniyel ya ce masa a aya 23? Allahn da numfashinka ke hannunsa baka girmama shi ba. Da a ce numfashi kawai sujada ne da Daniyel bai da abin tuhumarsa. Kuma ka lura, Belshazzar yabo yake yi fa a daren, bakinsa bai yi shiru ba, sai dai ya kai yabon inda ba nan ba. Saboda haka ni ban yarda da yaron makirfo ba, ban kuma yarda da kai ba. Shi ya ce sai an yi ƙara, kai ka ce ko ba a yi komai ba ya isa. Duka biyun kun tsallake zuciya.

'Yar Zumunta:
Baba Dattijo kun taɓo wajen. Hannatu fa? 1 Sama'ila 1:13, tana addu'a amma leɓunanta ne kawai ke motsi ba a jin murya, har Eli firist ya zaci ta bugu. Babban malami ne ya yi mata fassarar banza ranar, amma Allah ya ji ta.

Maman Rahila:
Na gode. Amma ku fahimce ni, shi Baba ba wai yana tsoron Allah baya jinsa ba ne. Abin da ke cinsa shi ne waƙa ita ce aikinsa a gaban Allah, da ita ya san kansa. Yana ganin kamar an karɓe masa baikonsa ne an bar shi hannu wofi

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan lumfashi muke cewa. Maganar baiko da Mama ta yi ita ta sa na shigo, don na daɗe ina tunani a kanta. Mun saba cewa muna "ba" Allah yabo kamar wani abu ne namu muka ciro daga aljihu. Amma Bulus da ya tsaya a Tudun Arasa a Atina, Ayyukan Manzanni 17:25, ya ce Allah ba ya neman hidimar hannun mutum kamar yana bukatar wani abu, shi ne ma yake ba kowa rai da lumfashi da komi. Kenan shekara 31 ɗin da Baba ya yi yana waƙa, da iskar wa yake yi? Aro ce tun farko. Kamar yaro ne da ya karɓi kuɗi hannun ubansa ya je ya sayo mai goro, uban ya karɓa da murna ba don yana rashin goro ba. In yau uban ya ba yaron dala maimakon jaka, ba zai tambaye shi goron jaka ba.

Ɗan Kwaya:
Na ji wannan, amma kar mu wuce gona da iri har mu mai da waƙa ba komai ba. Littafi cike yake da umarnin a rera, a yi sowa, a tafa hannu. Ibraniyawa 13:15 ma 'ya'yan leɓuna ta kira hadayar yabo. In kowa ya ce zuciyata na yabo ya naɗe hannu to sai a rufe kwaya kenan

Dattijon Ikilisiya:
Ba wanda ya ce a rufe kwaya. Mai huhu ya rera, in ya ƙi rowa ce. Maganar wanda bai da shi ake.

Nas ɗin Dare:
Sai yanzu na sauka daga aiki na ga maganar nan. Ni ba malamar Littafi ba ce amma numfashi kam shi nake ƙirgawa kullum. Babban mutum lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, in ka lissafa a yini ya kai wajen dubu 20, kuma ko ɗaya baya tunawa ya yi. Lokacin korona a 2020 ne na ga abin da Zabura 104:29 ke nufi da idona, ka ɗauke numfashinsu sai su mutu su koma ƙura. Mutum da kuɗinsa da motarsa amma idonsa na kan silindar oksijin yana tambaya ko saura nawa. Abin da na lura, marasa lafiyar da numfashi ke musu wuya su ne kaɗai suka san kowane ɗaya kyauta ne, mu masu lafiya hadiyewa kawai muke yi. Akwai wata tsohuwa da na yi jinya, bata iya haɗa kalma uku, amma duk sanda na gyara mata abin hanci sai ta ɗaga yatsa ɗaya sama. Ban taɓa jin wani yabo da ya shige ni kamar yatsan nan ba.

Sannan Mama ta ɓangaren jiki, ku tambayi likitansa ko zai iya gwada rera waƙa a hankali da baki rufe, irin gunaguni ɗin nan, ko gajerun layuka yana hutawa a tsakani. A Ingila har ƙungiyoyin waƙa ake yi musamman na masu ciwon huhu don yana koya musu sarrafa fitar iska. Amma likita ya fara dubawa, kuma yanzu da hunturu ya shigo ku kiyaye shi da ƙura da hayaƙin itace.

Maman Rahila:
Allah ya saka Nas, zan tambaya ranar da za mu koma asibiti

Matashin Sabon Rai:
Tambaya, dabbobi fa? Su ma suna numfashi, suna cikin Zabura 150:6?

Ɗalibin Bukuru:
Malamai sun rabu a nan. Yawanci neshama a kan mutum ake amfani da ita, amma Farawa 7:22 a labarin ruwan tsufana ta haɗa da duk abin da ke kan tudu mai numfashi a hanci. Zabura 148 kuma ta kira namomin jeji da dabbobin gida da tsuntsaye kai tsaye su yi yabo. Akwai wata kalmar kuma, ruwak, wadda ke nufin iska da numfashi da ruhu duka, 'yar'uwar kalmar Larabci ce da muka samo "ruhu" daga gare ta. Amma kar mu kauce daga maganar Baba.

Admin:
Yauwa, a dawo kan tambayar Maman Rahila dan Allah. Baba Rabaran na ga kuna kan layi, ko za ku ce wani abu?

Baba Rabaran:
Ina karantawa tun ɗazu, rubutu a waya na min wuya sai jikata ta taimaka. 'Yata Maman Rahila, ban san mahaifinki ba amma na san irin ciwon, don ranar da na yi ritaya na sauka daga bagade na yi wata uku ban san me zan yi da safiyar Lahadi ba.

Abu na farko, kar ki yi saurin ce masa ba komai. Akwai komai. An ɗauke masa abu mai daraja, ki bar shi ya yi baƙin cikinsa a gaban Allah, kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne, kuma suna cikin littafi ɗaya da ta 150. Mutum baya isa sura ta 150 sai ya ratsa ta 88, wadda ta ƙare da duhu ba tare da ko kalmar ta'aziyya ba. Kukan da aka kai wa Allah shi ma sujada ne, don mai kukan ya san ƙofar da zai buga.

Na biyu, ki karanta masa Ezekiyel 37, wahayin kwarin busassun ƙasusuwa, a hankali, ki tsaya a aya 8. Ƙasusuwan sun haɗu, jijiyoyi sun hau, nama ya rufe, fata ta rufe, kuma kafin nan har an ji ƙara da girgiza. Amma annabi ya ce babu numfashi a cikinsu. Gawa ce mai kyan gani. Na sha shiga sujada mai janareto da sifika huɗu da kibod da jita, ƙara har bango na rawa, na fito ina tambayar kaina ko muna aya 8 ne. Na kuma yi sujada a ƙarƙashin itace da mutum tara bayan an ƙona musu majami'a, muryoyi duk sun dushe saboda kuka, amma wurin nan da rai. Amos 5:23 Allah da kansa ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, saboda masu rerawar suna tattake matalauta. Saboda haka yawan iskar da ke fita daga ƙirji ba shi Allah ke aunawa ba.

Na uku shi ne wanda nake so ki riƙe. Allah ya hura numfashi sau biyu. Na farko a Farawa 2:7. Na biyu a Yahaya 20:22, da yammar ranar tashi, almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, Yesu ya hura musu ya ce ku karɓi Ruhu Mai Tsarki. Ɗalibinmu zai tabbatar, kalmar Girkanci da Yahaya ya yi amfani da ita ita ce wadda tsohuwar fassarar Girkanci ta sa a Farawa 2:7. Numfashi na farko tarin fuka na iya cinye shi, kuma wata rana zai ƙare wa dukanmu. Na biyun ba ya zama a huhu, tabo baya kama shi. Shi ya sa Yesu ya ce wa matar Samariya masu sujada na gaskiya cikin ruhu da gaskiya za su yi, kuma Romawa 8:26 ta ce in mun rasa abin faɗi Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Mahaifinki in ya yi nishi a daren da iska ta ƙi shiga, ba shi kaɗai yake nishin ba.

Ɗalibin Bukuru:
Haka ne Baba, kalma ɗaya ce, kuma a Sabon Alkawari nan ne kaɗai ta fito.

Ɗan Kwaya:
Baba na karɓi gyara. Gaskiya maganar aya 8 ta taɓa ni, don sau da yawa muna gama waƙa abin da muke tambayar juna shi ne ko sauti ya fita da kyau.

'Yar Zumunta:
Ni dai har yanzu ina ganin a samu yaron nan a yi masa magana cikin ƙauna, ba don a kunyata shi ba. Gobe wani zai faɗa wa.

Dattijon Ikilisiya:
Wannan aikin dattawan ikilisiyarsu ne, Maman Rahila ta sanar da ɗaya daga ciki a keɓe. Amma ina da ƙari a kan na Rabaran. Ishaya 38, sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa Allah ya ƙara masa shekara 15. A waƙar da ya rubuta bayan ya tashi ya ce kabari baya yabonka, masu rai, masu rai su ne za su yabe ka. To ku karanta rabin aya 19 da ake yawan tsallakewa: uba zai sanar wa 'ya'yansa amincinka. Hezekiya ya lissafa koyar da na baya a cikin yabon mai rai. Mutumin da ya yi shekara 31 yana koyar da kwaya, waƙoƙi nawa ne a kansa da yaran yanzu basu sani ba? Tsofaffin waƙoƙinmu na Hausa da yawa ba a rubuta muryarsu ba, a kan mutane suke, in mutum ya tafi sun tafi. Kunnensa lafiya ko? Hannunsa na iya buga lokaci a kan kujera? To ni ban ga inda aikinsa ya ƙare ba.

Maman Rahila:
Kunne kam ras, ko a rediyo wani ya kauce wa murya sai ya girgiza kai

Ɗan Maraɗi:
To ai shikenan, ku kai mai kwayar gida tunda shi zuwa na mai wuya

Ɗan Kwaya:
Wannan shawara ce. Ko mutum biyar ne, ba ganga ba sifika. Kuma a ɗauka a waya a ajiye.

Nas ɗin Dare:
Amma kar a cika ɗakin, a zauna a waje inda iska ke wucewa, kuma duk mai mura ko tari ya zauna a gida. Minti talatin ya isa a farko, in ya fara haki a tsaya.

Maman Rahila:
'Yan'uwa na dawo in ba ku labari. Na karanta wa Baba abin da Baba Rabaran da Baba Dattijo suka rubuta, bai ce komai ba sai ya ce in sake karanta masa Ezekiyel ɗin, na karanta sau biyu. Jiya Lahadi da yamma mutum shida daga kwaya suka zo, har da yaron makirfo, ɗaya daga cikin dattawa ne ya kawo shi, ya durƙusa ya gaida Baba. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da farko Baba ya ƙi, ya ce su yi abinsu shi zai saurara. Suka fara wata tsohuwar waƙar tashin Almasihu, basu kai rabin baiti ba ya ɗaga hannu ya tsayar da su, wai matan sun hau sama da yawa. Ya rufe baki ya ba su muryar da hanci, ɗan guntu, ya huta, ya sake. Suka kama. Yana buga lokaci da sandarsa a ƙasa har suka gama baiti huɗu. A ƙarshe wajen Halleluya na ga bakinsa ya buɗe, sai da ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshen kalmar amma ya kai. Ya yi tari sosai bayan nan, muka ba shi ruwan ɗumi muka sallame su kamar yadda Nas ta ce.

Da dare ya sa na ɗauko takarda, ya lissafa min waƙoƙi 14 da ya ce yaran basu sani ba. Za su dawo Lahadi mai zuwa ƙarfe huɗu. Dan Allah in akwai mai tsohon littafin waƙoƙi mai manyan baƙaƙe ya taimaka mana da aro, nasa ya yage kuma idonsa baya ganin ƙananan rubutu.

'Yar Zumunta:
Akwai na marigayiya mamata a akwati, bangon ya fita amma shafukan na nan cif. Ki min magana ta gefe in ba direban da ke zuwa wajenku ranar Alhamis.